Gas ɗin esi ba ya ƙarewa, zurarewa yake

Duk wanda ya shiga Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, a watan Fabrairu ko Maris, lokacin da hazo ya janye ya bar Kumasi da rana tsagwaronta, zai ji magana ɗaya tana yawo a bakin rumfunan masu gyaran iyakwandishan ɗin mota, wato esi: "Masta, gas ya ƙare, a ɗan ƙara min." Mai mota shi ya gano cutar, shi ya rubuta wa kansa magani, saura a miƙo masa. Mastan kuwa, in ba mai jin nauyin sana'arsa ba ne, ba zai yi musu ba. Zai aiki yaro ya ɗauko gwangwani, minti goma an gama, iska mai sanyi ta buso, kowa ya washe baki.

Ni ma na faɗi wannan magana, ba sau ɗaya ba. Ina da tsohuwar Hilux mai dizal da nake ɗauko doya da ita daga Techiman, wani lokacin tafiya ta kai ni har Tamale. Cikin wata huɗu na ƙara gas sau uku. Ba a kai ga na huɗun ba. Muna gab da Kintampo sai na ji ƙara a ƙarƙashin bonet kamar ana yanka akuya, wari ya biyo baya. Kwamfiresa ce, famfon da ke matse gas ɗin esi, ta cije, kulocinta ya yi zafi ya manne, bel yana ta goga a kan fulin da ya ƙi juyawa har da hayaƙi. Sa'ata ɗaya, a irin wannan mota bel ɗin esi daban yake, sai muka sa wuƙa muka yanke shi, muka sauke gilashi, muka ci gaba da tafiya cikin gumi.

Wani dattijon masta da aka kai ni wurinsa bayan na dawo, da ya ji labarin, tambaya ɗaya ya yi mini: "Alhaji, gas ɗin da aka zuba maka sau uku, ina ya tafi?" Ban da amsa. Ai ruwa ba ya tsami banza.

Gas ɗin esi ba fetur ba ne, ba a ƙona shi. Yana zagayawa ne cikin rufaffiyar hanya, ya zama ruwa, ya koma tururi, ya sake zama ruwa, abu ɗaya yau da gobe. Dabarar kuwa kowace uwa da ke da randa ta san ta. Randar ƙasa tana tsattsafo, ruwan da ya fito a jikinta yana bushewa, kuma duk ruwan da zai koma tururi sai ya sha zafi daga abin da ke kusa da shi, shi ya sa na cikin ke sanyi. Haka in fetur ya zube maka a bayan hannu za ka ji wurin ya yi sanyi kafin ya bushe. Gas ɗin da ake kira R134a, wanda galibin motocinmu ke amfani da shi, in aka sake shi a fili yana tafasa tun a digiri 26 ƙasa da sifili. To ka ga duk abin da ya raɓe shi yana tafasar nan sai ya ba da zafinsa.

Kwamfiresa, wadda injin ke juyawa da bel, tana zuƙo gas ɗin yana tururi ta matse shi. Matsewa na kawo zafi, wanda ya taɓa taɓa gindin famfon keke bayan an ba taya iska ya sani. Tururin nan mai zafi sai ya shiga kwandensa, wannan mai kama da siririn lagireto da ke gaban lagireto na gaske. Iska ta ratsa ta, ta kwashe zafin, gas ya koma ruwa. Daga nan ya bi ta diraya, 'yar kwalbar ƙarfe mai ɗauke da wasu ƙwayoyi masu shanye danshi, ya isa bawul ɗin feshi, wata ƙofa ƙarama ƙwarai. Yana ƙetare ta matsi ya faɗi, sai ya fara tafasa a cikin ebaforeta, wadda ke ɓoye a bayan dashbod. Fankar ciki ta turo iska ta cikinta, iskar ta bar zafinta a nan ta fito maka da sanyi. Tururin ya koma kwamfiresa, a sake lale. A-kori-kurar Amurka irin su Ford da Chevrolet da yawansu wani siririn bututu mai tsuke suke da shi a maimakon bawul, kwalbarsu kuma tana bayan ebaforeta, amma karatun ɗaya ne.

Babu inda gas ke ƙonewa a wannan zagaye. Gaskiya ne tiyon roba da sil na barin ɗan kaɗan ya sulale cikin shekaru, motar da ta yi shekara biyar ba a taɓa ta ba tana iya neman ƙari. Amma wata ɗaya? Wannan yoyo ne.

Ga inda asarar take. Man da ke shafe cikin kwamfiresa ba shi da wani tanki nasa kamar man inji. Tare da gas yake yawo, gas ɗin ne ke ɗaukarsa ya zagaya ya dawo da shi gida. In gas ya ragu, mai ba ya dawowa yadda ya kamata, sai ya kwanta a ebaforeta da kwandensa. Ga kuma wanda ke fita ta wurin yoyon. Kowane ƙari da aka yi mini gas aka mayar, ba a mayar da mai ba, kwamfiresa tana ta aiki a bushe. Akwai wani suwic na matsi da masu ƙera mota suka sa domin ya kashe kwamfiresa in gas ya yi ƙasa sosai. Sai ka ga wani ya cire soket ɗinsa ya haɗa wayoyin biyu, ya ce ya yi maka "dairek". Wannan daidai yake da kashe karen gida don yana hana ka barci da haushi. A motata an yi hakan a ƙari na biyu, ina tsaye, ban san me nake kallo ba.

Kafin ma a kai ga maganar gas, rashin sanyi yana da iyaye da yawa, kuma a tsohuwar a-kori-kura rabinsu ba ruwansu da gwangwani. Kunna esi ka leƙa gaban kwamfiresa: farantin kuloci ya kama yana juyawa tare da fuli, ko fulin ne kaɗai ke yawo? In bai kama ba, fiyus, rile, waya ko suwic na iya zama sanadi. Idan kuma sanyi na zuwa a kan titin Techiman amma da ka shiga cunkoson kasuwar Kejetia ko shataletalen Suame sai ya ɗauke, to ka tuhumi kwandensa da fanka. Yawancin tsofaffin motocin nan fankarsu tana da wani kuloci a tsakiya da ke aiki da mai mai kauri. In ya tsufa fanka tana juyawa a ido amma ba ta jan iska. Ƙurar hunturu, ciyawa da ƙwarin dare kuma suna cusa kansu tsakanin kwandensa da lagireto, inda ido ba ya kai sai an kwance. Gwajin yana da sauƙi: a watsa wa kwandensa ruwa ana kallon geji, agogon auna matsi. In matsi ya faɗo nan take, sanyi ya dawo, iska ce ba ta ratsawa.

Ebaforeta ma tana da nata. Motocin wancan zamani da yawa ba su da matatar iska ta ciki, don haka duk ƙurar da aka sha shekara ashirin tana liƙe a jikinta, ta haɗu da raɓa ta zama taɓo. Da aka fito da tawa, har da ɓawon gyaɗa da gashin kaza. Fanka na ta ihu a lamba huɗu, iskar da ke fitowa ba ta kai ta maficin kaba ba.

Akwai wata cuta mai fuska uku da ke ruɗa mutane: esi ya yi sanyi minti goma sha biyar ko ashirin, ya ɗauke, ka kashe ka jira, ya dawo. In ƙarfin iskar ne ke raguwa a hankali, ebaforeta ce ta yi ƙanƙara ta toshe kanta, yawanci don an cire ko an tsallake abin da ke auna sanyinta. In iska na nan da ƙarfinta amma farantin kuloci ya saki, kuma da an ɗan ƙwanƙwasa shi da ƙotar sukundireba ya sake kamawa, tazarar da ke tsakaninsa da fuli ce ta buɗe. Kamar rabin milimita ya kamata ta kasance, cire siririn washa ɗaya na iya gyara ta. In kuwa kuloci na kame amma allurar gejin shuɗi ta nutse ƙasa da sifili, danshi ne a cikin hanya, ya daskare a ƙofar bawul. Babu ko ɗaya cikin ukun nan da ƙarin gas ke warkarwa.

Gejin nan mai agogo biyu, shuɗi na ɓangaren ƙaramin matsi, ja na babban matsi, shi ne idon masta. Mota a kashe, allurai biyun suna daidaita. A rana mai digiri 30 za su tsaya kusa da 100 a ma'aunin psi in R134a ne a ciki. Sai dai wannan lamba ba ta faɗin yawan gas. Muddin akwai ko ɗan cokali na ruwan gas a ciki, matsin haka zai nuna, ko hanya a cike take ko saura kwata. Kamar tukunyar gas ta girki ce, ba wanda ke sanin abin da ya rage sai ya ɗaga ta ya ji nauyi, shi ya sa da kilo ake sayarwa. In injin na aiki, shuɗi yakan zauna tsakanin 25 da 45, ja tsakanin 150 da 250, yana ɗan haurawa in rana ta ƙwalle. Duka biyun a ƙasa, gas ya yi kaɗan. Duka biyun a sama, ko an cika shi fiye da kima, ko iska ta shiga, ko kwandensa ba ta huce ba. In shuɗi ya hau, ja ya sauko, suna neman haɗuwa a tsakiya, kwamfiresa ta gaji.

Neman yoyo shi ne aikin da ake gudu, don yana cin lokaci kuma ba ya burge mai mota. Alamar farko a fili take: duk inda ka ga jikin tiyo ko mahaɗa ya jiƙe da mai, ƙura ta manne ta yi baƙi, nan gas ke fita. Wuraren da aka fi kamawa su ne zoben roba na mahaɗai, inda aka matse tiyo da ƙarfe, sil ɗin gaban kwamfiresa, ƙasan kwandensa inda tsakuwa ke duka, da 'yan bawul ɗin da ake ɗaura geji, masu kama da na taya. Masta na gari zai cika hanyar da iskar naitorojin, ya bi kowace mahaɗa da ruwan omo yana neman kumfa, ya kuma bar geji ya kwana a kai in ya cancanta. Wasu na zuba wani rini da ke haske a ƙarƙashin fitila ta musamman. In an duba ko'ina ba a gani ba, kuma allura na sauka, to sai dashbod ta fito, ebaforeta ce.

A nan dole in ja kunne. Magazin cike take da masu walda, tukunyar oksijin na kowane lungu, naitorojin kuwa sai an nema. Kada ka yarda a gwada maka yoyo da oksijin. Oksijin mai matsi in ya haɗu da mai yana iya fashewa ba tare da an kawo wuta ba, kuma cikin hanyar esi duk mai ne. Iskar famfon falkanaiza ma ba ta dace ba, danshi take ɗurawa. Haka kuma ba a kai wutar walda kan bututun da ke da gas, hayaƙin da ke fita guba ne.

Sai tambayar wane gas. Motocin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1990 da R12 suka fito. An gano yana cin rufin ozon na sararin sama, Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta yanke masa hukunci, masu ƙera mota suka koma R134a tsakanin 1992 da 1995, ƙasashe masu tasowa irin Ghana kuma aka ba su zuwa 2010 su rabu da shi. Saboda haka mai Hilux, Nissan ko L200 ta farkon shekarun 1990 ya duba bakin da ake ɗaura geji: na R12 mai zare ne kamar bakin taya, na R134a kuwa ƙulla shi ake yi ya kama da kansa. Sauya mota daga wancan zuwa wannan ya wuce sauya baki. R12 da man ma'adinai yake tafiya, R134a kuwa ba ya ɗaukar wannan mai, nasa shi ne PAG, ko man esta wanda aka fi so wurin juyi don yana haƙuri da ragowar tsohon. Sai a zubar da tsohon mai, a sa sabuwar diraya, a sauya zoben roba zuwa koraye, a kuma zuba kamar kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na nauyin da aka rubuta wa R12. Tun da R134a ya fi matsi a ɓangaren ja, tsohuwar kwandensa na iya gazawa a cunkoso, ƙarin fankar lantarki a gabanta na taimakawa. Shi ma R134a ɗin kwanansa ƙidayayyu ne: gyaran da aka yi wa Yarjejeniyar Montreal a Kigali a 2016 ya sa a rage shi sannu a hankali don yana ɗumama duniya, sababbin motocin Turai sun koma R1234yf.

Abin da ke rubuce a jikin gwangwani kuma ba kullum ne ke ciki ba. Akwai mai zuba R22 na esin ɗaki, wanda matsinsa ya fi ƙarfin tiyon mota. Akwai mai zuba gas ɗin firji mai kama wuta, ko ma na girki. Zai yi sanyi kuwa, amma ka tuna ebaforeta a gaban gwiwarka take, in ta yi yoyo cikin mota a rufe, sigari ɗaya ta isa. A 2011 jabun gas mai ɗauke da wani sinadari da ake kira R40 ya fasa injinan sanyi na kwantenonin jiragen ruwa har aka rasa rayuka, domin yana cin alminiyon ya haifar da abin da ke kama wuta da ya ji iska, kwamfiresar mota kuwa alminiyon ce. Araha ba ta ado. Sayi daga dilan da aka sani, ka ga an buɗe a gabanka.

Kwamfiresar da ta cije ba ta mutuwa ita kaɗai. Tana niƙa kanta ta watsa garin ƙarfe cikin hanya, mai ya koma baƙi. In ka ɗaura wata a kan wannan datti, ita ma za ta bi sahu. Dole a wanke tiyo da ebaforeta da ruwan wankin da aka yi don haka, a sauya bawul, a sauya diraya. Kwandensa ta da, mai bututu ɗaya da ke lanƙwasa kamar maciji, tana wankuwa. Ta zamani mai ƙananan hanyoyi jere ba ta wankuwa, sai sabuwa. Yawancinmu kwamfiresa hom-yus muke saya, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje, a Magazin ko a aiko daga Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Accra, kuma ban ga laifin hakan ba, wata tsohuwa ƙirar kamfanin Denso ta fi sabuwar da ba a san asalinta ba. Amma ka juya farantinta da hannu ka ji tana tafiya sumul tana kuma tura iska a yatsa, ka tsiyaye manta a farar takarda. In ka ga ƙyalli ko baƙi, mayar musu. Wadda aka bari bakinta a buɗe tana shan ruwan sama ma haka. Man da za a zuba kuma a auna shi. In ya yi yawa yana shafe cikin bututu ya rage sanyi.

Diraya ita ce ake yawan yi wa rowa, ga ta kuwa ba tsada. Ƙwayoyin cikinta in sun ƙoshi da danshi sun gama aiki, kuma a garin da iska ke da laima kamar Kumasi, hanyar da aka bari a buɗe kwana ɗaya ta ishe su. Ita ake ɗaurawa a ƙarshe, a cire murfinta a ɗaura nan take.

Daga nan sai bakum, wato zuƙe iskar ciki da inji. Dalili biyu ne. Iska ba ta komawa ruwa a kwandensa, sai ta tare wuri ta ɗaga matsi. Danshi kuma, ban da daskarewa a bawul, yana haɗuwa da gas da mai ya zama asid mai cin alminiyon daga ciki, ga man PAG da shan danshi kamar gishiri a damina. In aka zuƙe iska sosai, ruwa na tafasa ko ba wuta, ya fita a tururi. Wannan na son lokaci, minti talatin zuwa arba'in da biyar, sannan a rufe bawul a jira minti goma sha biyar a ga ko allura za ta motsa. Abin da wasu ke yi, su buɗe gas ta nan ya huce ta can su ce sun kori iska, ɓarnar gas ce kawai, danshin na nan. Kuma riƙe bakum ba ya wanke mota daga zargin yoyo, don zoben roba na iya mannewa in ana zuƙa, ya buɗe in ana turawa. Shi ya sa gwajin naitorojin ke gaba.

Zubawa da sikeli ake yi. A ƙarƙashin bonet akwai 'yar takarda da ke faɗin irin gas da nauyinsa, a irin motocin nan yawanci tsakanin giram 500 da 800. Ƙaramin gwangwani na ɗaukar giram 340, babbar tukunya kilo 13.6. A ɗora tukunya a sikeli, a fitar da iskar tiyon geji, a zuba abin da aka rubuta, a tsaya. Masu taɓa bututu da hannu suna cewa "saura kaɗan" sukan zarce, kuma esin da aka cika fiye da kima sanyinsa raguwa yake, injin na nishi, matsi na hawa. 'Yar tagar gilashi da ke kan diraya, wadda tsofaffin mastoci suka saba jira kumfarta ta ɓace, da R12 ta yi gaskiya. Da R134a tana iya nuna kumfa alhali gas ya isa. Injin na aiki, ta ɓangaren shuɗi kaɗai ake zubawa, ba a kifa gwangwani ruwa ya kwarara kai tsaye cikin kwamfiresa, don ba ta matse ruwa, kuma ba a buɗe jan bawul, matsin zai koma cikin gwangwanin da ke hannun yaro. Ruwan gas in ya taɓa fata yana ƙona ta da sanyi, ido kuwa ba a magana. Ban cika ganin tabarau a fuskar yaran Magazin ba, kuma su ne ke sunkuye a kan tiyo.

Tawa ta kwana biyu a rumfar dattijon. Yoyon da ya ja mini duk wannan zoben roba ɗaya ne a bakin kwandensa, ya bushe ya tsage, ya ɗora mini shi a tafin hannu bai kai zoben yaro ba. Da aka gama, ya sa aka rufe gilashi, aka ɗaga injin kaɗan, ya soka ma'aunin zafi a ramin iska na tsakiya. Muka zuba masa ido yana sauka har ya tsaya a digiri 8. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin mota ta gefen fasinja, ya nuna mini ruwa na ɗiga daga 'yar tiyon ebaforeta.

"Alhaji, ko da hunturu ne ka riƙa kunna shi minti goma a mako, don mai ya jiƙa sil. Kuma suwic ɗin nan na mayar da shi. Ran da ya kashe maka esi, kawo min motar, kada ka bari kowa ya taɓa wayar."

Na ce, "To, Baba." Na biya, na sallami yaran, na fita ta wajen shataletale, inda na tarar da cunkoso har ya kai gidan mai.